Laifina Ne: Kalma Biyu da Suka Fi Buhun Albasa Nauyi

Hausa tana da hanyoyi da dama na kashe rigima, amma kaɗan ne daga cikinsu suke tilasta wa mai laifi ya ambaci laifinsa. Wadda muka fi ɗauka ita ce “yi haƙuri”. Da ita ake yi wa wanda ya rasa mahaifi ta'aziyya, da ita ake sallamar almajiri idan tuwo ya ƙare, da ita kuma direban da ya take maka akuya yake tarar ka. Magana ɗaya a wurare uku, alhali a wuri ɗaya ne kawai mai maganar yake da hannu a cikin abin da ya faru. Ka dubi ginin jimlar da kyau, mai karatu: umarni ce, kuma wanda aka cuta shi ake umarta. Idan akwai sauran aiki, shi zai yi shi. Mutum yana iya shekara sittin yana ba da haƙuri safe da yamma, har a shaide shi da sauƙin kai, bai taɓa cewa “laifina ne” ko sau ɗaya ba.

Ba harshen nake zargi ba. Akwai “na yi kuskure”, akwai “ban kyauta maka ba”, akwai “na zalunce ka, ka yafe mini”. Suna nan, ba su ɓace ba. Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce dalilin da ya sa wasu mutane, waɗanda ba azzalumai ba ne, ba kuma marasa tausayi ba, suke iya ba ka kuɗinsu da lokacinsu da guminsu, amma waɗannan 'yan kalmomi su maƙale musu a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Mukan ce girman kai ne, mu rufe zancen. Ni dai ina ganin girman kai sunan alamar ne kawai. Cutar tana can ƙasa da shi, kuma ta fi kama da tsoro.

A gidanmu na fara ganin abin, tun ban san sunansa ba. Asalinmu wani ƙauye ne na bakin Kogin Kwara a ƙasar Yauri, ɗaya daga cikin garuruwan da ruwa ya ci bayan an kammala madatsar Kainji a 1968. Mutum wajen 44,000 aka tayar daga gungaye da gaɓar kogi, har da tsohuwar Busa baki ɗaya, aka zaunar da su a sababbin matsugunai. Kafin ruwan ya zo, ma'aikata sun bi gari gari suna ƙirga gidaje da gonaki. Lokacin da suka iso namu, ƙanen kakana ba ya nan. Ya gangara Jaba da bandar kifi, ya kuma daɗe. Kakana, wanda muke kira Kaka Babba, shi ne maigida, sai ya rubuta gidan gaba ɗaya da sunansa. Wannan ba laifi ba ne, haka gandu yake tafiya. Laifin ya zo ne da aka raba sababbin ɗakuna: sashen da kowa ya san na ƙanen ne, sai Kaka Babba ya sa babban ɗansa da amaryarsa a ciki, ya haɗa masa da 'yar fadamar da ta kamata ta zama rabon mai tafiya. Kaka Ƙarami ya dawo ya tarar tsohon gida yana ƙarƙashin ruwa, sabon kuma babu wurinsa. Bai yi faɗa ba. Ya kwashi iyalinsa ya koma Yelwa, ya kama haya, ya shiga sana'ar gyaran koma.

Daga wannan shekara, duk lokacin da aka cire albasa, buhun farko na fadamar nan Yelwa ake kai shi. Kaka Babba da kansa yake zaɓar manyan, ya ɗinke bakin buhun, ya sa a jirgi ranar kasuwa. Ba saƙo, ba gaisuwa ta musamman. Kaka Ƙarami ya karɓa, ya sa a shigar da shi ciki, shi ma ba godiya. Kusan shekara talatin ana haka. Suna haɗuwa a suna da biki da jana'iza, su gaisa gaisuwar mutunci, kowa ya nemi tabarmarsa. Mu yara mun ɗauka zumunci ne. Sai da na girma na gane cewa buhun nan wasiƙa ce da mai ita ya kasa rubutawa, kuma wanda ake aika wa ya ƙi karantawa sai an rubuta.

Abin da ya fi ba ni mamaki daga baya shi ne yadda labarin yake sauya kama a bakin Kaka Babba. Mahaifina ya ce da fari cewa yake yi ma'aikatan ba sa rubuta wanda ba ya nan. Bayan wasu shekaru sai ya koma cewa ai riƙe wa ƙanensa wurin ya yi, shi ne bai zo ya nema ba. Zuwa lokacin da na yi wayo, zancen ya zama cewa ƙanen nasa dama can mai son zaman birni ne, ƙauye bai taɓa yi masa ba. Ban yi imani ƙarya yake shirgawa da gangan ba. Dattijo ne mai tsoron Allah, wanda ake ba ajiya a garin. Ya yarda da kowane ɗaya daga cikin labaran nan a lokacin da yake faɗarsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. A 1957 wani Ba'amurke, Leon Festinger, ya bayyana abin da za mu iya kira karon zuci: rashin sukunin da mutum yake ji idan abubuwa biyu da ya yarda da su suka ci karo. “Ni mutumin kirki ne” a gefe guda, “na ci haƙƙin ɗan'uwana” a ɗaya gefen. Zuciya ba ta iya riƙe su tare na dogon lokaci, dole ɗaya ya rusuna. Kuma da yake na farkon shi ne ginshiƙin da mutum ya ɗora rayuwarsa a kai, na biyun ne yake shan sassaƙa: abin bai kai yadda ake faɗa ba, ba ni da zaɓi, shi ma ai da nasa. Abin takaicin shi ne, gwargwadon yadda mutum ya ɗauki kansa mai gaskiya, gwargwadon ƙarfin da zai sa wajen sassaƙar. Ɓarawon da ya san shi ɓarawo ne ba ya shan wannan wahala. Mai amana ne yake shan ta. Roy Baumeister da abokan aikinsa sun ƙara wani haske a 1990, da suka sa mutane rubuta labari biyu, ɗaya na ranar da suka ɓata wa wani rai, ɗaya na ranar da aka ɓata musu. Mutum guda ne, amma idan shi ne mai laifi sai ya ba da labarin a matsayin abin da yake da dalili, ya kuma wuce. Idan shi aka yi wa, sai labarin ya zama marar dalili, mai ciwon da bai warke ba. Magabata sun riga su da karin magana: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai dai karon zuci kowa yana fama da shi, amma ba kowa ne yake kasa neman gafara ba. Bambancin yana wani wuri, kuma a nan ne nake so mu ɗan zauna.

Akwai ji iri biyu da suke zuwa wa mutum bayan ya yi ba daidai ba. Na farko yana cewa: abin da na yi ba shi da kyau. Na biyu yana cewa: ni ne ba ni da kyau. Helen Block Lewis ce ta fara rarrabe su sosai a 1971, June Tangney ta Jami'ar George Mason kuma ta shafe shekaru tana auna su. Na farkon, wato nadama a kan aiki, yana tura mutum wajen wanda ya cuta, domin aiki abu ne da ake iya gyarawa. Na biyun, wato jin muzanta, yana tura shi ɓuya, ko musu, ko ɗora wa wani, domin idan kai kanka ne aibin, to babu abin gyarawa, sai dai a rufe. Tangney da abokan aikinta sun bi fursunoni fiye da 400 a Amurka, suka buga sakamakon a 2014: masu saurin jin nadama sun fi kauce wa sake aikata laifi a shekarar farko bayan fitarsu, masu saurin jin muzanta kuwa, matuƙar ta kai su ga ɗora wa wasu laifi, sun fi komawa ruwa. Wanda ba ya iya cewa “laifina ne”, sau da yawa, mutum ne da kunnensa ba ya jin bambancin jimlolin nan biyu. Kai kana roƙonsa ya amsa abu ɗaya da ya yi ranar Talata. Shi kuwa yana jin kana neman ya sa hannu a kan takardar da ta ce duk rayuwarsa ƙarya ce.

A nan dole Bahaushe ya yi taka-tsantsan, domin kalmar da ta fi kusa da wannan ji na biyu ita ce kunya, kunya kuwa a wurinmu ado ce. Da Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, ya sa ta a jeri ɗaya da gaskiya da amana da haƙuri da mutunci. “Marar kunya” zagi ne mai zafi. Amma kunya fuska biyu gare ta, kuma binciken fursunonin nan ma ya nuna haka, domin inda ba ta juye ta zama ɗora wa wani ba, takan hana maimaita laifi. Akwai kunyar da take riƙe hannunka kafin ka ɗauki abin da ba naka ba. Akwai kuma wadda take riƙe harshenka bayan ka ɗauka. Tarbiyyarmu ta ƙware wajen dasa ta farkon, ba ta kuma cika lura cewa ta biyun tana tsirowa a gindinta ba. Ina kyautata zaton kunyar da ta sa aka amince wa Kaka Babba da ajiyar mutane, ita ce dai ta hana shi duban ƙanensa ya faɗi abin da ya yi.

Ka tuna kuma yadda yawancinmu muka koyi tuba. Ba a zaune muka koye ta ba, a ƙarƙashin bulala muka koye ta. “Na tuba, na bi Allah na bi ka!” Wannan ba bayanin laifi ba ne, kukan neman a sassauta ne, kuma yaro yakan yi shi ko ya san abin da ya yi ko bai sani ba. Darasin da yake shiga jikinsa shi ne cewa tuba magana ce ta wanda aka fi ƙarfi. Sannan ya tashi ya ga inda take kwarara: ɗa ga uba, mata ga miji, almajiri ga malam, talaka ga hakimi, a durƙushe, da “Allah ya huci zuciyarka”. Kullum daga ƙasa zuwa sama, kamar hayaƙi. Bai taɓa ganin ta gangaro ba. Uba idan ya doki ɗansa bisa kuskure, washegari sai ya sayo masa tsire ko takalmi. Yaron ya gane, uwar ta gane, a wuce wurin. To yaron nan shi ne yau likita, shi ne darakta, shi ne shugaban sashe a jami'a. Ya yi karatu ya hau sama, kuma a can cikin ransa hawa sama yana nufin ya bar sahun masu cewa “na tuba”. Idan ƙaramin ma'aikaci ya nuna masa ya yi kuskure a lissafi, abin da zai biyo baya ba amsa laifi ba ne. Ko dai fushi, ko kuma, idan mai kirki ne, wata alfarma da za ta sauko wa ƙaramin bayan kwana biyu ba tare da bayani ba. Buhun albasa ke nan cikin rigar ofis.

Ya kamata a yi wa masu wannan hali adalci ta wata fuska: ƙin ba da haƙuri yana da daɗi, kuma an auna daɗin. A 2013 Tyler Okimoto da abokan aikinsa a Ostireliya suka sa mutane tuna wani laifi da suka yi wa wani, sannan wasu su rubuta saƙon neman gafara, wasu su rubuta saƙon cewa ba za su nema ba. Waɗanda suka ƙi sun fito suna jin ƙarfi da iko da darajar kai fiye da waɗanda ba su yi komai ba. Dalilin a fili yake. Mai neman gafara yana miƙa wuƙa da nama ga wani: ana iya yafe masa, ana iya juya masa baya. Mai ƙi kuwa yana riƙe da linzami. Karina Schumann ta Jami'ar Pittsburgh, wadda ta yi nazari mai yawa a kan wannan, ta taƙaita shingayen zuwa uku a 2018: rashin damuwa da wanda aka cuta, tsoron abin da amsa laifi zai yi wa hoton da mutum ya zana wa kansa, da zaton cewa ko an nemi gafarar ba za ta yi amfani ba. Na farkon shi ne na azzalumi, kuma ba shi ne ya dame ni a nan ba. Na biyun mun gan shi. Na ukun kuwa, a ƙasarmu, ba zato ne kawai ba.

Domin muna da gori. Mutum ya tattara ƙarfin hali ya ce “na yi kuskure”, sai a adana maganar kamar takardar bashi. Bayan shekara biyar, a tsakiyar wata rigimar da ba ta da alaƙa, sai a zaro ta: “Ba kai ne ka zo nan kana roƙo ba?” Tsakanin kishiyoyi, tsakanin 'yan uba, tsakanin abokan aiki masu neman kujera ɗaya, amsa laifi makami ne da ka miƙa wa abokin hamayya da hannunka. Muna yawan cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma mu ne kuma muke tafa wa wadan idan ya hau wuyan wanda ya durƙusa. Al'ummar da take tsananta wa mai amsa laifi fiye da mai musu, bai kamata ta yi mamaki ba idan masu musu suka yi yawa. Wani asibitin jami'a a Michigan ta Amurka ya gwada akasin haka tun daga 2001: idan an yi kuskure a jinya, a gaya wa majinyaci gaskiya, a nemi gafara, a yi tayin diyya. Lauyoyi sun daɗe suna gargaɗin cewa irin wannan zai jawo ƙararraki. Nazarin da aka buga a 2010 ya nuna ƙararrakin raguwa suka yi.

Sai mafaka ta ƙarshe, wadda ta fi kowace tsada domin da rigar addini take zuwa. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa sun ce lodi ne ya wuce ƙima. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin kasuwa a tafkin nan ya san yadda lodin yake wuce ƙima: mai jirgi yana son kuɗin mai ya fita, mai karɓar kuɗi yana da kamasho, fasinja yana roƙon a taimaka a sa shi don kada kasuwa ta watse, mai sa ido a bakin ruwa ya kau da kai, ga kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun 1968 suna jira a ƙasa. Alhakin ya rarrabu gida-gida har rabon kowa ya zama ɗan ƙaramin da zai iya haɗiyewa. A majalisun da na zauna a kwanakin nan na makoki, kalmar da ta fi yawo ita ce ƙaddara. Gaskiya ce, kuma ita ce abin da uwar da ta rasa 'ya'ya take jingina da shi ta iya tashi da safe. Amma kalmar tana da ma'ana ɗaya a bakin wanda aka yi wa rashi, tana da wata dabam a bakin wanda ya ƙara mutum na ɗari a jirgin. Malamai sun bambance wannan tun da daɗewa: ƙaddara abin rarrashi ce ga wanda musiba ta samu, ba hujja ba ce ga wanda ya yi sakaci. Ƙissar farko ma da ake koya mana a kan saɓo tana ɗauke da bambancin. Annabi Adamu ya danganta zaluncin ga kansa, aka karɓi tubarsa. Iblis ya kafa hujja da fifikon asalinsa, ya kuma jingina ɓatansa ga Ubangijinsa.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Ka'abu ɗan Malik. Bayan yaƙin Tabuka, a shekara ta 9 bayan Hijira, mutum tamanin da 'yan kai da ba su fita ba suka zo suna kawo uzuri, aka karɓi zahirin maganarsu, kowa ya tafi gida. Ka'abu mawaƙi ne, mai fasahar harshe, ya san zai iya tsara uzurin da zai wuce. Sai ya ce ba shi da wani uzuri. Sakamakon gaskiyarsa shi ne ƙauracewa ta kwana 50, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, ba mai yi musu magana a Madina, kafin a saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba. Ƙissar ba ta ɓoye farashin ba: masu uzuri sun kwana lafiya a daren, mai gaskiya ne ya sha wuya. Kuma sharuɗɗan tuba da muka haddace tun a makarantar allo sun ce idan laifin ya shafi haƙƙin wani, istigfari kaɗai bai isa ba, sai an mayar da haƙƙin ko an nemi yafewar mai shi. Mun san wannan sarai. Amma neman gafarar Allah ya fi mana sauƙi nesa ba kusa ba, domin a ɓoye ake yin sa, kuma babu gori a cikinsa.

Manyan ƙasa ma ba su tsira ba. Janar Ibrahim Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Sai a Fabrairun 2025, wajen ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa a Abuja, ya amsa cewa Moshood Abiola ne ya ci zaɓen, ya ce ya ɗauki alhakin abin da ya faru a ƙarƙashin mulkinsa, yana kuma nuna yatsa ga wasu hafsoshi da Janar Sani Abacha yake jagoranta. Abiola da Abacha duka sun rasu tun 1998.

Ba na cikin masu ganin cewa hanyoyinmu na gargajiya duk kauce-kauce ne. Biko, alal misali, hikima ce babba. Mace ta yi yaji, miji ba zai iya buɗe baki ba, sai ya tura wansa ko amininsa da goro da turmin atamfa, manya su zauna, a faɗa masa laifinsa a gaban surukai yana sunkuye, shirunsa ya zama amsa. An samar masa gada a inda ba zai iya tsallakawa da ƙafarsa ba. Schumann ta gano wani abu mai kama da wannan a 2014: idan aka fara ba mutum dama ya tuna abubuwan da yake daraja a rayuwarsa, neman gafarar da zai rubuta bayan nan yakan fi cika, kare kai ya ragu. Ita da Carol Dweck kuma sun nuna cewa waɗanda suka yarda hali yana canzawa sun fi saurin amsa laifi, domin a wurinsu kuskure ba hatimi ba ne. Dattijon da ya iya sulhu ya san wannan ba tare da ya karanta ba. Yakan fara da “kai da muka sani da haƙuri, kai da ake kawo wa ƙara”, sai ya ga kafaɗun mutumin sun sauka, sannan ya kawo maganar. Yana raba masa jimlolin nan biyu ne: kai mutumin kirki ne, abin da ka yi kuma ba daidai ba ne, duka biyun suna iya zama a ɗaki ɗaya.

Inda gadar take karyewa shi ne idan aka tsallaka ba a ambaci sunan kogin ba. “A yi haƙuri, a bar tone-tone, shaiɗan ne.” A sha fura a tashi. Irin wannan sulhu na masu kallo ne. Su ne suke samun sauƙi. Haka ma yafiyar jimla da muke yi ranar Salla, ko a jajibirin tafiya Makka, ko a saƙon WhatsApp da ake tura wa mutum ɗari biyu lokaci guda: duk wanda na ɓata wa, da sani ko da rashin sani, ya yafe mini. Tana da kyau a matsayin ladabi. Amma wanda ka ci wa fili ya san da sani ka ci, kuma ya san ka san ya sani. Roy Lewicki da abokan aikinsa sun gwada sassan neman gafara guda shida a 2016, suka tarar wanda ya fi nauyi a wurin mai saurare shi ne amsa alhaki, sai tayin gyara a bayansa. Roƙon a yafe shi ne mafi ƙarancin tasiri. Mu kuwa mun riƙe na ƙarshen, mukan yi na biyun idan da hali, na farkon ne muke tsallakewa.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kaka Babba, aka aika Yelwa. Ina cikin ɗakin, ina saurayi, an sa ni fifita. Ya yi abin da ake yi: ya dubi mutanen da suka kewaye shi, ya ce duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Aka amsa baki ɗaya, “Mun yafe, Allah ya yafe mana.” Kaka Ƙarami bai amsa ba. Ya matso kusa da gadon, ya ce a hankali, ba da faɗa ba, “Yaya, me zan yafe?”

Ɗakin ya yi tsit. Wata gwaggona ta fara salati. Kaka Babba ya daɗe yana kallonsa, leɓunansa suna motsi. Abin da ya fito a ƙarshe shi ne, “Albasar bana ta iso maka?” Kaka Ƙarami ya ce ta iso. Ya kama hannunsa ya riƙe, bai sake ba har aka kira la'asar.

Bayan kwana biyu ya cika. Ƙanen ne ya yi masa wanka, kuma da liman ya nemi a yafe wa mamaci, muryarsa ce ta fara fita. Wasu a dangi sun daɗe suna ganin baƙinsa saboda tambayar nan, suna cewa bai kamata a matsa wa mai jinya ba. Na tambaye shi bayan arba'in, muna zaune a rumfarsa yana ɗinkin koma. Bai ɗago ba ya ce, “Abokina, ni na yafe masa tun ba a haifi ubanka na biyu ba,” yana nufin baffana ƙarami. “Ɗaki ne fa, da 'yar fadama. So nake kawai in ji a bakinsa cewa abin ya faru, don in tabbata ba mafarki na yi ba.”

Da aka cire albasar shekarar da ta biyo, mahaifina ya zaɓi manyan, ya ɗinke buhu, ya kai Yelwa da kansa. Ya ce masa, “Baba, ga ta fadamarka.” Tsohon ya tambaye shi abin da ya ce, ya maimaita. Sai ya sa aka buɗe buhun a nan ƙofar gida, aka rarraba wa maƙwabta.